A Sa Wa Asusun Muhalli Kwaɗo, a Ware Wa Daji Kasonsa

Duk wata, idan kwamishinonin kuɗi na jihohi suka hallara a Abuja don rabon arzikin ƙasa, akwai wani yanki da ake gutsurewa da sunan muhalli kafin kowa ya kama gabansa. Kashi 2.32 cikin ɗari ne: kashi 1 a hannun gwamnatin tarayya, 0.72 na jihohi 36, sai 0.60 na ƙananan hukumomi 774. A ido kamar ba wani abu ba ne, sai an zauna an yi lissafi. Cikin kowace naira tiriliyan ɗaya da aka raba bisa wannan ma'auni (harajin VAT ba ya ciki, nasa ma'aunin daban ne), biliyan 23.2 na muhalli ne. Biliyan 10 na tarayya, biliyan 7.2 na jihohi, wato kamar miliyan 200 ga kowace jiha in da raba-daidai ake yi, biliyan 6 kuma na ƙananan hukumomi. Wannan shi ne Asusun Kula da Muhalli, kuma ya girmi yawancin 'yan Nijeriya, domin tun 1981 aka kafa shi bisa shawarar hukumar Okigbo, wadda ta duba tsarin rabon arzikin ƙasa. Da kashi 1 ya fara, aka ɗaga shi zuwa kashi 2 a 1992.

Ke nan ba mu rasa asusun da aka keɓe don kare ƙasa ba. Abu biyu muka rasa: kwaɗon da zai hana kowane mai mulki zura hannu a ciki duk lokacin da ya matsu, da rubutaccen kaso da zai riƙa isa ga gandayen daji a kan kari, ko da gwamna da minista sun manta da su. Ra'ayina shi ne duk wani surutu kan sababbin gandaye, da bikin dashen itatuwa, da taron sauyin yanayi a otal, ɓata lokaci ne muddin ba a gyara waɗannan biyun ba.

Yadda ƙofar ta kasance a buɗe yana da tarihi. A watan Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin Asusun Tarayya na matakan gwamnati uku ne, ba a cire wa wani asusu na musamman kaso daga sama. Sai aka narkar da kuɗin muhallin cikin kason kowane mataki. Na tarayya yana ƙarƙashin ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya, kuma sa hannun shugaban ƙasa ke fitar da shi. Na jiha yana faɗawa baitulmalin jiha tare da sauran kuɗin wata, inda albashi da bashi da kwangilar titi suke jiransa baki buɗe. Na ƙananan hukumomi kuwa ya daɗe yana nutsewa a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ko shugaban ƙaramar hukumar ma da wuya ya iya faɗa maka nawa ne. Tsawon shekarun nan asusun yana tafiya ne bisa dokokin rabon arziki da umarnin fadar shugaban ƙasa, ba bisa wata cikakkiyar doka tasa ta kansa da ta fayyace abin da ya halatta a kashe shi a kai da hukuncin wanda ya saɓa ba.

An ga abin da hakan ya haifar. A 2013 kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati, ƙarƙashin Sanata Ahmad Lawan, ya duba asusun musamman guda uku na tarayya, ciki har da na muhalli, ya ce daga kimanin naira tiriliyan ɗaya da rabi da suka shiga tsakanin 2002 da 2012, sama da tiriliyan ɗaya an kashe su ne a abubuwan da ba don su aka tara ba. Sai shari'ar tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, wanda kotu a Abuja ta ɗaure a 2018 kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhallin da aka ba jiharsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage hukuncin daga shekara 14 zuwa 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a 2021, Majalisar Magabata ta Ƙasa ta yi masa afuwa a 2022. Kowa ya ɗauki darasin da ya ga dama daga wannan jerin.

Amma sata, duk da muninta, ba ita ce babbar ɓarakar ba. Babbar ɓarakar halastacciya ce, ba a kai kowa kotu a kanta. Dokar hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA ta ba ta kashi 20 na asusun. Dokar 2015 da ta kafa hukumar ganuwar itatuwa, mai yaƙi da kwararowar hamada a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno, ta rubuta mata kashi 15. Dokar 2017 ta Hukumar Raya Arewa maso Gabas ta ba ta kashi 10. Kowace ɗaya tana da hujjarta, ba na jayayya da wannan. Abin da ya rage kuwa yawanci kwangilar siminti yake tafiya: magudanar ruwa, kwalbati, toshe kwazazzabo, har da titunan da aka laƙaba musu sunan maganin zaizayar ƙasa. A duk wannan rabon, Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, wadda ke riƙe da Kainji da Gashaka-Gumti da Kamuku da Tafkin Chadi da sauransu, a layin kasafin kuɗin shekara take tsaye kamar kowace ma'aikata. Dalilin a fili yake. Ambaliya tana da hoto, tana da gawa, tana da gwamna a cikin kwale-kwale. Magudanar ruwa tana da ɗan kwangila mai bin fayil ofis-ofis har ya fito. Mai gadin daji da ke sintiri a ƙafa ba shi da mai bin masa fayil, kuma aikinsa idan ya yi kyau babu abin da za a nuna a talabijin, tunda abin da ya hana faruwa bai faru ba. Duk inda aka haɗa agaji da rigakafi a tukunya ɗaya aka bar wa ɗan siyasa ludayi, agaji ne zai cinye.

Wanda yake ganin maganar daji maganar masu ƙoshi ce, ya dubi taswirar rashin tsaron Arewa. Sambisa gandun namun daji ne da aka keɓe tun zamanin Turawa. Kamuku a Birnin Gwari gandun ƙasa ne mai faɗin murabba'in kilomita dubu da 'yan kai. Dajin Rugu, Kuyambana, Falgore, sassan Kainji, dukkansu filaye ne da doka ta ce na hukuma ne. Da hukuma ta daina zuwa, tashoshin masu gadi suka rushe, hanyoyin sintiri suka toshe, alamun iyaka suka ɓace, sai wasu suka shiga suka zauna. Ba ina cewa rashin kuɗin daji ne kaɗai ya haifi Boko Haram ko 'yan bindiga ba. Tushen waɗannan ya fi haka zurfi. Amma mafakar da suka samu, sakaci ne ya share musu ita, kuma abin da ake kashewa yau a jiragen yaƙi da dakaru don ƙwato waɗannan dazuzzuka ya ninka abin da zai riƙe su tun farko ninkin ba ninkin. A ƙarshen 2020 Shugaba Buhari ya amince da ƙarin gandayen ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, dausayin Haɗeja a Jigawa, Allawa a Neja, Pandam a Filato da Marhai a Nasarawa. Abin a yaba ne. Sai dai ƙara gandaye goma a kan bakwai ɗin da ake da su ba tare da an nuna takamaiman inda kuɗin riƙe su zai riƙa fitowa ba, canza musu allon bakin hanya ne kawai. Haka ma shirin ɗaukar dakarun tsaron daji da aka sanar a 2025: ɗaukar aiki shi ne mai sauƙi, albashi da abinci da man babur na shekara ta uku su ne gwajin.

A nan ne ya kamata a tsaya a fahimci abin da ya bambanta aikin daji da ginin ofis, domin shi ne hujjar da ta fi ƙarfi ta keɓe masa kuɗi. Gini idan kuɗi ya tsaya, sai ya tsaya, a dawo bayan shekara biyu a ɗora bulo daga inda aka bari. Aikin daji da damina yake tafiya, kuma damina ba ta san kasafin kuɗi ba.

Ɗauki dashen itatuwa a yankin Sahel. Idan ana son a dasa a watan Yuli, to wurin raino ya kamata ya kama aiki tun Fabrairu ko Maris: a sayi leda, a haɗa ƙasa da yashi da taki, a tanadi rijiya, a samo iri. Irin bagaruwa da dakwara da gawo yana da tauri, sai an jiƙa shi da ruwan zafi ko an ɗan kankare bayansa kafin ya tsiro. Irin darbejiya kuwa ba ya jimirin ajiya, 'yan makonni yake yi ya mutu, saboda haka dole a same shi sabo. Dashen yana buƙatar wata uku zuwa huɗu a leda, ana ba shi ruwa safe da yamma, ana ɗaga ledar lokaci-lokaci ana datse saiwar da ta huda ƙasa, sannan a rage masa ruwa da inuwa a makonnin ƙarshe don ya saba da wahala. Ana dasawa ne bayan ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Tazarar mita uku-uku tana ba da itace 1,111 a hekta ɗaya, mita huɗu-huɗu kuma 625. Wanda ya dasa a Satumba ya yi wa rani kyauta ne, domin saiwar ba ta kai ga danshin ƙasa ba ruwa zai ɗauke. Yanzu a haɗa wannan jadawali da yadda ake sakin kuɗin ayyuka a Nijeriya, inda kason farko kan iya fitowa a tsakiyar shekara ko ma ƙarshenta, har ta kai ana tsawaita kasafin bara ya shiga bana. Me ma'aikacin zai yi? Ko dai ya sayi dashen da ya wuce lokaci daga hannun ɗan kwangila ya dasa don a ɗauki hoto, ko ya mayar da kuɗin.

Kuma dashen shi ne ƙaramin kashi na kuɗin. Babban kashin yana zuwa ne daga baya: shinge ko mai gadi saboda awaki da raƙuma, ban ruwa a bazarar farko da ta biyu, maganin gara, cike gurbin waɗanda suka mutu a damina ta gaba. Kasafin shekara ɗaya ba ya ganin waɗannan. Shi ya sa tambayar da ta dace ba “nawa kuka dasa?” ba ce, “nawa ke raye bayan damina uku?” ce. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki kashe sama da naira biliyan 81 da aka danganta da dasa itatuwa miliyan 21 a jihohin nan 11. In aka raba kai tsaye, kowane itace ya tashi kusan naira 3,900. Don adalci, hukumar ganuwar itatuwan tana da wasu ayyukan, kamar rijiyoyin burtsatse da koyar da sana'a, saboda haka wannan rabon ba shi ne dukkan labarin ba. Amma da a ce doka ta wajabta ƙidayar rayayyun itatuwa fili-fili, da gardamar ba ta yi tsawo ba.

Maƙwabtanmu sun nuna hanyar da ta fi araha. A jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka koma sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututturen gawo da kalgo da sabara a gona, sai a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. An ƙiyasta cewa hekta miliyan biyar ta farfaɗo ta haka, da itatuwa kimanin miliyan 200. Ba leda, ba tankar ruwa. Abin da ya buƙata shi ne malamin gona mai zagayawa, da tabbacin cewa itacen na manomin ne, ba malamin daji zai zo ya ci shi tara don ya sare reshe ba. Irin wannan aiki kuɗinsa kaɗan ne amma ba ya son yankewa, kuma babu kwangila a cikinsa, wanda watakila shi ne ya sa bai cika farin jini a ofisoshinmu ba.

Gandun namun daji ma jadawalinsa haka yake. Layin tare gobara, mai faɗin mita shida zuwa goma, ana share shi ne a Oktoba da Nuwamba, a yi ƙunar wuri tun ciyawa tana da sauran danshi, wutar ta yi sanyi ba ta cin manyan itatuwa. Aka bari sai Janairu ko Fabrairu, hunturu ya busar da komai, ashana ɗaya ta mafarauci ta isa ta cinye rabin gandu. Hanyoyin sintiri ana gyara su ne da zarar ruwa ya ɗauke. Rani ne lokacin da namun daji ke taruwa a bakin 'yan koguna da tafkunan da suka rage, lokacin ne kuma mafarauta da garken shanu ke nufar wurin, saboda haka sintiri ya fi tsanani daga Janairu zuwa Mayu, daidai watannin da sabon kasafi bai fara sakin komai ba. Tawagar sintiri ta mutum shida zuwa takwas da za ta kwana bakwai a daji tana buƙatar garin kwaki da shinkafa da wake, takalma, tanti, maganin sarar maciji, na'urar sadarwa, harsashi, man motar da za ta kai su ta ɗauko su, da alawus ɗin da za a biya ranar da suka fito. Aka fasa biyan alawus wata biyu, sintiri ya zama na takarda. Aka fasa wata shida, wani daga cikinsu zai fara karɓar na goro daga masu gawayi da masu yankan madobiya, kuma ba lallai ne mugun mutum ba ne, iyali gare shi.

Yankari ta ishe mu misali. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, aka mayar wa jihar Bauci a 2006. Faɗinta murabba'in kilomita 2,244, kuma tana riƙe da ɗaya daga garken giwayen da suka rage a ƙasar nan, tsakanin 100 zuwa 150. Abin da ya dakatar da kashe giwayenta na tsawon shekaru bayan 2015 ba wani sihiri ba ne: sintiri ne a kai a kai, da abinci da alawus da ba sa yankewa, da tukuici ga wanda ya yi kamu, bisa tallafin ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki da gwamnatin jihar. A Gashaka-Gumti, gandu mafi girma a Nijeriya, gidauniyar kare daji ta ANI ce ta shigo da irin wannan taimako tun 2017. Madalla da su. Amma ƙasa ba ta jingina dukiyarta a kan alherin baƙo. Wanda ya ga yadda aka rufe hukumar tallafin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, a 2025, ayyuka suka tsaya cak a faɗin Afirka, ya san abin da nake nufi. Shirin farfaɗo da filaye na Bankin Duniya, ACReSAL, shi ma, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, rance ne mai wa'adi. Ranar da ya ƙare, wa zai ci gaba da gadin filayen da aka farfaɗo?

Amurka ta sha irin wannan gwagwarmaya, kuma labarinta ya cancanci a bi shi daki-daki, domin ya nuna cewa keɓe kuɗi a takarda daban, kulle shi daban. A 1964 suka kafa asusun kare ƙasa da ruwa, daga 1968 kuma aka fara zuba masa kuɗin da kamfanoni ke biya na haƙar mai da gas a teku. Hikimar ita ce irin ta manomin da ba ya cinye iri: idan ka sayar da dukiyar ƙasa mai ƙarewa, ka mayar da wani abu cikin wadda za ta dawwama. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an tsayar da adadin a dala miliyan 900 duk shekara. Sai dai dokar ta bar wata kafa: kuɗin yana shiga asusun, amma ba ya fita sai majalisa ta amince a kasafin kowace shekara. Sakamakon haka, cikin sama da shekara hamsin sau biyu kacal aka saki cikakken adadin, kuma fiye da dala biliyan 20 da aka rubuta da sunan asusun suka tafi wasu hidimomin. Wa'adin dokar ma ya taɓa ƙarewa a 2015, ya sake ƙarewa a 2018. Sai a 2019 aka mayar da ita ta dindindin, a Agustan 2020 kuma aka sa hannu kan dokar da ta ce miliyan 900 ɗin ya riƙa fita da kansa ba sai an roƙa ba. Majalisar dattawansu ta amince da ƙuri'a 73 da 25, ta wakilai 310 da 107, a lokacin da jam'iyyun biyu ba sa ga maciji. Ko bayan haka ba a daina kawo shawarar karkatar da wani sashe nasa ba, amma yanzu mai son taɓawa shi ne zai sha wahalar neman ƙuri'a, ba mai son karewa ba.

Akwai wani sashe na dokar tasu da na fi so a kwaikwaya. Duk filin da aka saya ko aka gyara da kuɗin asusun, ko da ɗan wurin shaƙatawa ne na unguwa, ba a mayar da shi wani abu daban sai da izinin ma'aikatar tarayya, kuma sai an musanya shi da wani fili mai daraja da amfani kwatankwacinsa. Wanda ya ga yadda filayen wasa da lambunan gwamnati da gandayen bakin gari suka zama fulotai da shaguna da gidajen mai a biranenmu, da sa hannu ɗaya a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya san darajar wannan sharaɗi. Kosta Rika kuma ta bi wata hanyar: kashi 3.5 na harajin man fetur take ware wa biyan masu filaye don su bar dajinsu a tsaye, kuma ƙasar da dajinta ya ragu zuwa kusan rubu'i a shekarun 1980 yau sama da rabinta daji ne.

Masu adawa da keɓe kuɗi suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Jami'an ma'aikatar kuɗi za su ce ɗaure wa gwamnati hannu ne a lokacin da bashi ke cinye kuɗin shiga. Amsar ita ce ba sabon haraji ake nema ba; kuɗin nan an riga an keɓe shi shekara arba'in da wani abu, abin da ake nema ya tafi inda aka ce zai tafi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ilimin bai-ɗaya yana da kashi 2 na kuɗin shigar tarayya tun 2004, kiwon lafiya matakin farko yana da kashi 1 bisa dokar 2014, manyan makarantu suna da asusun TETFund, wanda duk da ƙorafin da ake yi a kansa, shiga kowace jami'ar gwamnati ka ƙirga gine-ginen da ke ɗauke da sunansa. Wasu za su ce to idan bala'i ya auku fa, kamar ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600, ko fashewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024? NEMA tana da kasonta, kasafi yana da na ko-ta-kwana. In har dole sai an taɓa kason daji, to ya zama rance a bainar jama'a: ƙudurin majalisa da rinjayen kashi biyu cikin uku, da ranar biya da ba ta wuce wata 24 ba, Akanta Janar ya cire daga tushe.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta manomi da makiyayi da ke zaune a gefen gandu. A wurinsu gandu shi ne wurin da aka kori kakanninsu, inda ake kama musu shanu, inda giwa ke fitowa ta tattake gonar dawa a dare ɗaya ba mai biyan ko sisi. Ƙara wa masu gadi kuɗi da bindiga ba tare da an dube su ba, ƙara wuta ne. Saboda haka dokar da nake kira a yi dole ta yanke wa ƙauyukan kewaye kaso bayyananne, ni a ganina bai kamata ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kowane gandu ba: diyyar ɓarnar namun daji da za a biya kafin girbi na gaba, rijiyoyi da mashayar dabbobi a wajen iyaka don kada ƙishirwa ta tura garke ciki, allurar shanu, sake fitar da burtali da sa masa alama, da ɗaukar 'ya'yan yankin aikin gadi. Kuɗin ƙofa da baƙi ke biya shi ma a bar wa gandun da ya tara shi, maimakon ya bi ta asusun bai-ɗaya ya ɓace a Abuja ko babban birnin jiha.

Sauran abin da dokar za ta ƙunsa ba shi da wuyar rubutawa. A tsayar da kaso, misali kashi 10 na hannun tarayya ga Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa, wanda bisa lissafin farko ya kama naira biliyan ɗaya cikin kowace tiriliyan, jihohi kuma aƙalla sulusin nasu ga gandaye da wuraren kiwo da lambunan birni. Kuɗin ya riƙa sauka kowane wata kai tsaye a asusu na daban a Babban Banki, ba sai wani ya rubuta takardar roƙo ba. Abin da ya rage a ƙarshen Disamba ya tsallaka sabuwar shekara, domin Janairu zuwa Mayu ne ake tsananin buƙatarsa. A sa iyaka ga abin da za a kashe a hedikwata, motocin manya da tafiye-tafiye da taruka kada su wuce kashi 10. A haramta cusa ayyukan mazaɓu a ciki, don an sha ganin fitilun kan titi da kekunan ɗinki a kasafin hukumomin da ba ruwansu da su. Sai wani sharaɗi da ake yawan mantawa, alhali rashinsa kan rushe komai: a rubuta cewa wannan kaso ƙari ne a kan kasafin da aka saba bayarwa. In ba haka ba, ranar da biliyan ɗaya ta shigo ta ƙofar asusu, ofishin kasafi zai zare biliyan ɗaya ta taga, a koma gidan jiya. Kuma kowane wata uku a wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita, gandu-gandu, da adadin kwanakin sintiri, da hektar da ta ƙone, da itatuwan da suka rayu, Babban Mai Binciken Kuɗi ya bi sawu.

Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun daji, amma yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa, don haka sai an yi doka ta musamman kafin ya yi haƙori. Kuma tunda hukuncin 2002 ya mayar da kason jiha dukiyar jiha, ba sai an jira Abuja ba. Majalisar dokokin Kano ko Bauci ko Katsina ko Taraba tana iya kulle nata kashin a zama ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rahoton rabon kowane wata, kuma kuɗin muhalli na kowace jiha yana da nasa gurbin a ciki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana bakwai ta amsa takarda. Ƙungiyar mafarauta, ko ta makiyaya, ko ɗaliban sashen gandun daji na kowace jami'a, suna iya tara adadin wata goma sha biyu, su rubuta wa kwamishinan kuɗi da na muhalli su tambayi nawa ne daga ciki ya isa gandun da ke kusa da su, su kai amsar, ko rashin amsar, zauren sauraron ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi a Nuwamba ko Disamba, tun kafin lokacin cika leda ya zo a Fabrairu.